Garmaho Biyu a Tsakar Gida

Ɗantani ya jawo garmaho na biyu daga ƙarƙashin gado, ya goge shi da gefen rigarsa, ya kai shi tsakar gida kusa da garmaho na farko. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, bai kula su ba. Bayan azahar 'yarsa Saudatu za ta tafi da mahaifiyarta Kano, kusa da asibiti, kuma ba wanda ya ce ga ranar dawowa.

Kulu tana zaune kan tabarma a inuwar darbejiya. Da ta gan shi sai ta gyara mayafi.

"Saudatu, ki ba baƙon nan ruwa mana."

Wata bakwai ke nan tana kiransa baƙo, bayan shekara arba'in da takwas da aure. Ta san Saudatu. Ta san sunayen shanun mahaifinta da suka mutu tun tuni. Mijinta ne kawai ya zube daga kanta kamar gero daga ɓulallen buhu. Abin yana cinsa sosai, kuma abu ɗaya yake so: ta gane shi kafin mota ta tashi.

"Baba, wannan tarkacen kuma fa?" in ji Saudatu, tana ɗaure jaka.

"Tarkace? Da wannan tarkacen aka same ki."

Ba ƙarya ya yi ba. Yana saurayi mai gyaran rediyo a Kwanar Dangora ya sayi garmaho a hannun wani direban babbar mota, aka fara ɗaukarsa gidajen biki. A ƙauyen Badafi 'yan mata suna da ƙa'ida: kowace ta shiga fili ta taka tsawon faifai ɗaya, yana ƙarewa ta fita. Minti uku ke nan. Wata la'asar wata 'yar Fulani mai kawo nono, Kulu, ta ajiye ƙwaryarta ta shiga, kafin ya gama kallonta allura ta kai ƙarshe. Ya yi mako biyu yana jin haushin faifai.

Sai ya sayar da kekensa ya sayi garmaho na biyu, ya haɗa su da lasifika ɗaya. Ya yanko tsohon bargo ya shimfiɗa ƙarƙashin faifan, don ya riƙe shi da yatsa alhali farantin yana juyawa a ƙasa. Ya shata alli daidai inda kalangu yake farawa. Idan na farko ya kusa ƙarewa, sai ya kanga kunne kusa da allurar na biyu, ya jira bugu ya hau kan bugu, ya saki. A biki na gaba Kulu ta taka faifai huɗu ba ta sani ba. 'Yan mata suka fara tsaki, wata tsohuwa ta tambaye shi inda ya sayo faifai mai tsawon hanyar Doguwa.

Yaran yanzu da ake ce wa DJ suna cewa daga Amurka abin ya faro. Ɗantani bai musa ba, tunda bai taɓa zuwa can ba. Shi dai ya san ba wanda ya koya masa.

Ya jona wayoyi da batirin sola, ya ɗora allura. Da farko ƙas-ƙas kamar yayyafi a kan kwano, sannan kalangu ya shigo a hankali. Kajin da ke tsakar gida suka tsaya. Shi kuwa sai ya ga katangar ta ja baya, gonakin masara sun matso, fili ya cika da 'yan mata masu ƙamshin lalle, rana tana gangarawa bayan rumbuna. Har ya ji nauyin hular da yake karkatawa a lokacin.

Faifan ya wuce rabi. Ya dafa na biyu da yatsa. Ya sunkuya ya kanga kunne, bai ji komai ba sai shuuu. Kunnen ya tsufa bai gaya masa ba. Ga shi saura kaɗan kiɗan ya yanke.

Ya ɗago kai. Ƙafar Kulu ta leƙo daga ƙarƙashin zane, babban yatsanta yana bugun tabarma, bai saɓa ko sau ɗaya ba. Ya ƙirga da shi. Ɗaya, biyu, uku. Ya saki.

Kiɗan ya wuce sumul, ko ɗinki babu.

A waje direba ya danna oda. Kulu ba ta waiwaya ba. Idonta yana kan Ɗantani, kuma akwai wata 'yar dariya a gefen bakinta.

"Mai faifai."

"Na'am."

"Kana tsammanin ban san abin da kake yi ba? Kowa ya gane. Ka daina ɓuya bayan lasifika. In da gaske kake, ka je ka samu Baffa."

Baffa, mahaifinta, ya shekara talatin a ƙasa. Saudatu ta buɗe baki. "Inna, ai wannan shi ne..."

Ɗantani ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya durƙusa a bakin tabarmar.

"Kina ganin zai ba ni?"

"Zai yi faɗa tukuna, ya ce ba ka da ko saniya. Ka jure."

"Zan jure."

"To kar ka daɗe," ta rage murya. "Akwai wani malamin makaranta daga Kiru da yake yawan zuwa rugarmu."

Shekara arba'in da takwas, bai taɓa jin labarin malamin nan ba. Ya yi dariya har hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa da takalmi.

"Saudatu, ki ce wa direban ya mayar da jakunkunan bayan mota, ya bar mini wuri. Da ni za a tafi."