Labulen Gida Mai Koren Ƙofa

Rinus ya rage wa jirgin gudu, suka shige ƙarƙashin gada. Suna fitowa ya jawo makirfo, har ya fara cewa, "Jama'a, ku dubi hannunku na dama, gidan can mai koren ƙofa," sai maganar ta maƙale masa. Labulen dai yana nan a rufe. Yau kwana huɗu ke nan.

Fasinjoji arba'in suka juya da wayoyinsu a sama, suka dubi tagar da babu kowa, suka dawo suka zuba masa ido. Ya yi gyaran murya ya ce tsohon gida ne ƙwarai, ya kashe makirfon.

Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa jirgin 'yan yawon buɗe ido a hanyoyin ruwan Amsterdam, zagaye shida a rana. Gadoji da hasumiyar coci da gidan da ya fi kowane ƙanƙanta, waɗannan duk wani matuƙi yana nuna su. Abin da Rinus yake da shi shi kaɗai shi ne wata tsohuwa da ke zama a tagar nan ta bene na farko. Kullum tana zaune, gashinta fari fat, jirgi na zuwa sai ta ɗaga hannu. Bai san sunanta ba, sai ya raɗa mata Gwaggo Riek. Bai san labarinta ba, sai ya ƙaga mata: wai mijinta ma'aikacin jirgin teku ne, ya fita shekara hamsin da suka wuce bai dawo ba, har yau tana zaune tana jiransa. Shekara takwas yana ba da wannan labari. Mata sukan share hawaye, maza su yi ta ɗaukar hoto, shi kuwa bai taɓa jin ko ɗar ba.

Hennie, abokiyar aikinsa mai ɗaure igiya da raba kofi, ta zo ta jingina kusa da sitiyari.

"Ka bar zancen nan haka," ta ce. "Mace ta rufe labulenta, ina ruwanka?"

"Tsohuwa 'yar unguwar nan? Da rana tsaka? Uwata har ta mutu ba ta taɓa jan labule ba. Wanda ya rufe, to akwai abin da ake ɓoyewa."

"Wataƙila sanƙonka ta gaji da gani."

"Kin ga ɗan akwatin makullin da ke jikin ƙofar? Mai lambobi?"

"Na gani. Ya kai shekara nawa a wurin."

"Ni jiya na lura da shi. Kin san gidajen da ake maƙala wa irinsa."

Ta sani, kowa ma ya sani. Gidan da ka ga an maƙala wa wannan akwati, galibi an kwashe masu shi, an mai da shi masaukin baƙi masu jan akwatuna masu taya, a kwana uku a tafi. Haka aka yi da gidan da aka haifi Rinus, tituna biyu daga nan. An lallaɓa uwarsa da daɗin baki aka kai ta wani dogon bene a bayan gari, ba ta yi shekara ba ta rasu. Har yau in ya wuce ta titin kau da kai yake yi.

Ga kuma mutumin nan mai doguwar riga ruwan toka. Shekaranjiya Rinus ya gan shi yana fitowa daga gidan da takardu a hammata. Jiya ya gan shi tsaye a bakin ruwa, waya a kunne, yana nuna tagar da yatsa kamar mai auna ta. Takalminsa ma bai yi wa Rinus ba, ya cika sheƙi. A ganin Rinus mai irin wannan takalmi ba ya shiga gidan tsohuwa don Allah.

"Dillali ne," ya ce. "Ko wani ɗan dangi da bai taɓa leƙo ta ba sai da ya ji gidan ya yi tsada."

"Kai da ka ƙaga mata miji, yanzu kuma ka ƙaga mata ɓarawo," in ji Hennie, ta ɗauki butar kofinta ta wuce.

A zagaye na biyu ya tarar an zura igiya a ƙugiyar sauke kaya da ke can ƙololuwar gidan, farar mota kuma ta tsaya a ƙofa. A zagaye na uku, suna fitowa daga ƙarƙashin gadar, ya ga an cire tagar gefe ɗungurungum, gado yana lilo a iska. Ma'aikata biyu suna sassauta igiya a hankali, mai doguwar rigar yana ƙasa yana ba su umarni. Babbar tagar kuwa labulenta bai motsa ba.

Ran Rinus ya ɓaci. In an fitar da gadon mutum, me ya rage? Ya murɗa sitiyari ya nufi bango.

"Rinus!" Hennie ta taho da sauri. "An hana tsayawa a nan. Ofis suna ganin jirgin a na'urarsu, ka sani. Korar ka za su yi."

"Ɗaure igiyar."

"Mutum arba'in fa!"

"Ba su kofi."

Ya kama tsanin ƙarfen da ke jikin bangon ya hau, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ratsa tsakanin kekunan da aka jingine. Gadon ya riga ya sauka. Sai a lokacin ya ga irin na asibiti ne, mai taya da ƙarafa a gefe, amma zuciya ta riga ta ɗebe shi.

"Malam, ina tsohuwar gidan nan?"

Mai doguwar rigar ya juyo. Daga kusa ya fi yadda Rinus ya zata tsufa, idanunsa kuma sun yi ja. "Kai ne wa?"

"Ni zan tambaye ka. Kwana huɗu ba a gan ta ba. Ina kuka kai ta? Wa ya ba ka izinin fitar mata da kaya? In ba ka faɗa mini ba, 'yan sanda za su tambaye ka."

Mutumin ya dubi hular Rinus, ya leƙa ruwa ya ga jirgi cike da baƙi suna ɗaukar su hoto. Sai fuskarsa ta saki, ya yi wata gajeriyar dariya.

"Au, kai ne maƙaryacin."

"Me ka ce?"

Mutumin ya tura koren ƙofar, ya ɗaga murya. "Mama! Ga maƙaryacin Baba ya zo da ƙafarsa."

Wata murya ta ce daga sama, "Lennart, ka hawo da shi. Ka ce ya goge ƙafa."

Matakalar a miƙe take kamar tsani, Rinus ya hau yana haki. Ɗakin da duhu, sai hasken da ke shigowa ta inda aka cire taga. Tsohuwar tana zaune a tebur, ba a kujerar taga ba, ta fi yadda yake ganinta daga ruwa ƙanƙanta. Katunan ta'aziyya sun cika teburin. A bayan kujerar tagar, inda ba a hangowa daga jirgi, tayoyi huɗu sun bar shaidarsu a kan darduma.

"Zauna," ta ce. "Sunana Aleid, ba Riek ba. Riek sunan wata maƙwabciyarmu ne da ba ma ga-maciji, ka ga ka cuce ni tun daga nan."

Ya zauna a bakin kujera, hula a hannu. Ta zuba masa kofi, ta buɗe gwangwanin biskit, ya ɗauki ɗaya, ta rufe.

"Na zaci korar ki ake yi daga gidan," ya ce. "Na ga akwatin makulli..."

"Na masu jinya ne. Safe da yamma suke zuwa su juya shi, ni ba na iya sauka in buɗe musu." Ta nuna dardumar da haɓa. "Evert. Mijina. Shekara tara yana kwance a nan. Jiya muka binne shi."

Rinus ya ajiye biskit ɗin. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa.

"Ma'aikacin teku!" Ta girgiza kai. "Mutumin da ko ɗan jirgin fiton bayan tashar jirgin ƙasa ya shiga sai ya yi amai. Gyaran fiyano yake yi. Shekara arba'in yana yawo a keke da jakar kayan aiki."

"Yana... yana ji?"

"Da wannan lasifikar taka? Har bayan gida ana ji. Ran farko na tashi zan kira kamfaninku in ci mutuncinsu, sai na ga gadon yana girgiza. Na zaci ciwon ne ya tashi, ashe dariya yake yi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi." Ta juya cokali a kofinta. "Daga nan ya zama agogonsa. In ya ji ƙarar injinka sai ya ce, Aleid, buɗe taga, mu ji a ina na nutse yau. Ran nan ka ce guguwa, ran nan ka ce dutsen ƙanƙara. Akwai shekarar da ka kai shi har tekun Indiya, ya yi mako yana yi mini fankama wai ya ga duniya."

Lennart, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Ya sa na saya masa hular matuƙa. Da ita aka binne shi."

"Ni ban damu da taga ba," in ji tsohuwar. "Nan ne kusa da kansa, ina zama in riƙa faɗa masa abin da ke wucewa. Shi ne yake cewa, ɗaga masa hannu, ɗaga masa, kada ya yi fushi ya daina."

Daga ƙasa aka danna hon ɗin jirgi sau biyu. Hennie ce. Rinus bai motsa ba.

"Ran Litinin da ƙarfe tara ya cika," ta ce. "Likita ya zo ya tafi. Lennart yana hanya. Na zauna a kujerar nan don ban san inda zan zauna ba. Goma da minti ashirin sai ga ka. Ka ce, ku dube ta, har yau tana jiransa." Ta tsaya, ta gyara wani kati da bai karkace ba. "Sai na tashi na ja labulen. Da ƙyar ya jawu, zobban sun yi tsatsa."

"Gwaggo, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Ban ce ka yi laifi ba. Sau shida a rana kana ba shi dariya, likitoci ba su iya haka ba. Sai dai da can ƙarya ce, shi ya sa take da daɗi." Ta dube shi ido cikin ido. "Zan buɗe labulen. Duhun ya ishe ni, maƙwabta ma sun fara ƙus-ƙus. Sauran kuma ya rage naka. Sha kofinka ka tafi, mutane suna jiranka."

Da ya sauko jirgi Hennie ta kwance igiya ba ta dube shi ba. "Sau biyu ofis suka kira. Na ce wani keke da aka jefa a ruwa ne ya maƙale a farfela. In sun tambaye ka, baƙin keke ne, babu sirdi." Sai ta ga fuskarsa. "Me ya faru? Ɓarawon ne?"

"Ɗanta ne."

"To ita fa?"

"Tana nan." Ya tayar da inji. "Mijin ne ya rasu."

"Wane miji?"

Ya juya sitiyari, jirgin ya bar bango. Hennie ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tafi tattara kofuna.

Zagaye na huɗu ya cika maƙil, har da wani ayari da suka zo da ɗan littafin jagora iri ɗaya. Tun kafin gadar wata mata mai jar hula ta matso gaba da wayarta, ta ce ƙawarta ta shiga wannan jirgin bara, ita ta ce lallai kada ta bar garin ba ta ga matar da ke jiran mijinta ba. Nan ne ko? An kusa?

Suka shige ƙarƙashin gadar suka fito. An mai da tagar gefe, farar motar ta tafi. Labulen a buɗe yake, tsohuwar tana kujerarta.

Rinus ya kunna makirfo. "Jama'a, ku dubi hannunku na hagu. Waɗancan dogayen gidaje masu jajayen ƙyamare rumbunan ajiya ne a da. Ku lura da yadda suka ɗan sunkuyo gaba."

Kawuna arba'in suka juya hagu, wayoyi suka bi su, har da mai jar hula. Shi kaɗai ya dubi dama. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya rage gudu yadda ya saba.

Ta gan shi, ta bi jirgin da ido har ya wuce. Hannunta yana kan cinyarta, babu mai ce mata ta ɗaga.