Kai Ni Gida

Auta ya gina gidansa a kan tudun da ke tsakiyar gonaki: bene, tankin ruwa a sama, layin mangwaro tun daga gindin benen har ƙofar da ke bakin titi. Kafin shekara ta zagayo, direbobi sun fara kiran kwanar da suna Babban Gida. Gonar wansa da ke ƙasan tudun, wadda kowa ya sani tun zamanin mahaifinsu, ta koma "gonar nan ta bayan Babban Gida".

Yaya ya ci gaba da nomansa. Sunan kwana ba ya hana masara fitowa. Kuma yana da abin da Auta ba shi da shi: Inna a wurinsa take zaune, a ɗakin da ke kusa da rijiya, tun rasuwar mahaifinsu.

Da ciwon gwiwa ya matsa mata, Auta ya roƙi a ba shi ita ta ɗan huta, don a can akwai ruwan zafi a famfo da banɗaki mai wurin zama. Yaya ya yarda, amma ya nanata cewa aro ne. Auta ya yi dariya, ya ce ai ba garma ba ce.

Hutun ya yi ta tsawo. Daga gona Yaya yakan hango zanenta a shanye a barandar sama. Ya sa aka yi wa ɗakinta sabon daɓe, ya rage tsayin dokin ƙofa, ya shafe bangon da shuɗin fenti da hannunsa. Matarsa ta ce ko lokacin aurensu bai yi mata haka ba.

Wata safiya ya je da tsohuwar akori-kurarsa ya ɗauko Inna. Ta shiga ɗakin, ta shafa bangon, ta yaba, ta sa masa albarka. Ta yi wa jikoki faɗa, ta ce kajin sun rame. Yaya ya zauna a bakin ƙofa yana gyaran ƙotar fartanyar da lafiyarta ƙalau.

Da rana ta yi sanyi, Inna ta jawo takalmanta.

"To, Babba, tashi ka kai ni gida, na bar maganina."

"Wane gida, Inna?"

"Kai ma ka san abin da nake nufi," in ji ta, tana neman sandarta.

Matar Yaya ta shige kicin. Yaya ya ce zai je ya karɓo maganin, ba nisa. Inna ta ce akwai kuma shukar da take ba ruwa da yamma, matar Auta mantuwa gare ta.

Ya bi da ita ta doguwar hanya, ta gefen gonarsa, a hankali. Ta leƙa ta taga, ta ce masarar ta fi ta kowa kyau bana.

A ƙofar Babban Gida Auta ya fito da sauri, ya kama hannunta ya sauko da ita.

"Yaya, sauko mu ci abinci mana. Ai gida ne."

Yaya ya ce in ya kashe motar ba za ta sake tashi ba. Ya zauna riƙe da sitiyari, injin na kaɗawa, yana kallon Inna tana bin layin mangwaron. Ba ta tambayi kowa hanya ba.