Sunan Dawuda a Allon Jar Datsun

Taɓaryar kakata gajeriya ce. Tun ina ƙarama na san haka, ban dai taɓa tambayar dalili ba, don ni tambaya nauyi take mini. In za ta daka yaji sai ta ranƙwafa sosai a kan turmi, ta miƙe tana dafe da ƙugu. Sitti Maryama muke ce mata, kuma da ita nake zaune a unguwar Ka'akiyya tun da aka rushe gidanmu na unguwar Misfala.

Wata rana bayan la'asar ina duba waya na ci karo da sanarwar baje kolin tsofaffin motocin tsere da za a yi a Jidda. Akwai hoton wata jar Datsun mai ƙofa biyu da dogon gaba. Mai ita, wani matashi Muhannad, ya rubuta cewa ya daɗe yana bin diddigin hannayen da ta ratsa. Daga wurin wani likita a Ɗa'if ya saye ta, likitan daga wani malamin makaranta a Madina, har ya kai ga na farko, Hamad Mailafiya, wanda wai da ita ya riƙa cinye tseren hawan dutse da samari ke yi a hanyar Ɗa'if a da. Saboda sunan kawai na nuna wa Sitti, don Ammi Hamad tsohon maƙwabcinmu ne.

Ta daɗe tana kallon hoton, har wayar ta yi duhu na sake kunna mata.

"Motar Dawuda ce wannan," in ji ta.

Dawuda kakana ne, ya rasu kafin a haife ni. Aikin hajji ya kawo su daga Kano suka zauna, ya yi kanikanci har ƙarshen rayuwarsa ba tare da iƙama ba. Marar takardar zama kuwa ba a yi masa istimara, wato katin mallakar mota. Shi ya sa aka sa sunan Hamad, wanda a nan aka haife shi.

"Hamad ko kujerar gaba ba ya yarda ya zauna, tsoron ta yake," Sitti ta ce. "Ni ba motar nake so ba, Nuf, ina zan kai ta? Mutumin nan ba takarda ɗaya a ƙasar nan mai sunansa. Kabarinsa ma ba alama. A rubuta shi a allon nan da za su kafa gaban motar, shi ke nan."

Washegari muka ɗauki tasi zuwa Aziziyya. Rana ta yi zafi, benen kuma Sitti sai da ta huta a kowane hawa. Ammi Hamad na kwance a doguwar kujera, an ɗora masa ƙafa a matashi.

"Marhaba da matar yayana! Ya Nuf, har yanzu littafi kike ci maimakon shinkafa?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Sitti ba ta bari shayi ya huce ba.

"Hamad, ashe tsere kake yi ban sani ba? Kai da ko keke sai an riƙe maka?"

Ya yi dariya har da tari, sannan dariyar ta ƙare. Ya kalli fankar da ke juyawa.

"Hajiya, yaron nan mai motar ya zo da istimara a hannunsa ya tambaye ni, jikokina duk suna zaune. Shekara da shekaru labarin da nake ba su ke nan. Yanzu in ce musu me? Ga ɗana Abdulilah yana aikin gwamnati, in fito in ce na ara wa marar iƙama sunana? Khalas, shi ke nan, mun tsufa. Ki bar shi."

"Ni ma na tsufa," in ji Sitti. "Shi ya sa ba zan bari ba."

Muka shiga tasi. Ta jingina da gilashi ta rufe ido.

Ni aka bar wa aika wa Muhannad saƙo. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Da na tura sai na kife wayar na shige ɗaki. Ya amsa kuwa, ya ce zai zo ran Asabar.

Ya zo da dabino, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran layin asibiti. Ba ya jin Hausa, Sitti kuma in ranta ya ɓaci Larabcinta guduwa yake, don haka ni ce tafinta. Na faɗa masa komai.

Ya murza idanunsa, ya dubi Sitti, ya kira ta khala, wato inna. "Ya khala, ki yi haƙuri. Tun da na sa hoton nan, kowa kakansa ne ya tuƙa ta. Na gaji wallahi. Masu shirya baje kolin ba sa karɓar suna sai da shaida. Akwai hotonsa da motar?"

Babu. Dawuda in ya ga mai ɗaukar hoto kauce masa yake, kamar duk marasa takarda.

Na ɗauka mun gama, na dubi Sitti. Sai ta ce, "Tambaye shi, bai ga an huda ƙarfen kuloci ba?"

Na tambaya. Muhannad ya ajiye kofinsa. Ya ce akwai huji a jiki, ya rasa na mene ne. Kuma a ƙarƙashin tayar safaya ya tsinci wani guntun itace mai noti, bai yar ba don ba ya yar da komai na motar.

"Ƙafarsa ta hagu ba ta kai ta dama ba, shan inna ya taɓa shi yana yaro," Sitti ta ce. "Ba ya iya take kuloci har ƙasa. Sai ya ɗauki zarto ya yanke mini kan taɓarya, taɓaryar da na taho da ita tun daga Kano, ko izini babu, ya ɗaura guntun a kan kulocin. Na daɗe ban yi masa magana ba. Ɗauko ta, Nuf."

Na ɗauko. A wajen yankan akwai zanen ƙuna da ya zagaye ta, rabinsa ya tafi. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Mako na zagayowa ya dawo da guntun a leda. Ya yi baƙi da man inji, amma da aka haɗa su zanen ya cika. Sitti ta shafa wajen haɗin da babban yatsa.

"Za su yarda," in ji Muhannad. "Sunan Ammi Hamad zai zauna a matsayin mai istimara, wannan ba zan iya taɓawa ba. Amma direba, Dawuda. Sai dai ya khala, shaidar dole ta zauna tare da motar duk inda ta je. Guntun da taɓaryar duka."

Na fassara a hankali, ina fatan kada ta ji da kyau. Ta ji. Ta kalli taɓaryar a kan cinyarta, ta goge ta da gefen mayafi.

"Dama ta ishe ni da ciwon baya," ta ce, ta miƙa masa.

Ba mu je Jidda ba, ƙafafun Sitti sun kumbura a makon. Muhannad ya turo mana hoton allon. Na ƙara girman rubutun, ta bi haruffan da yatsa kamar yadda take bin Alƙur'aninta, har ta kai inda aka rubuta Dawuda Zali.

"To," ta ce. Ta miƙo mini wayar, ta gyara matashi ta kwanta tun kafin magariba.

Ni na yi miyar ranar. Na niƙa yajin a inji, turmin kuma na tura shi bayan ƙofa.