Rigar da Aka Bayar Sadaka

Ranar Talata, sha biyu ga Mayu, Ummukulthum ta faɗi a tashar jirgin tram ta East Croydon, a Landan, da jakar ɗinkinta a hannu, ba ta kuma sake tashi ba.

Mijinta, Malam Baha'uddeen, ya yi shekara talatin yana fassara labarai a wani gidan rediyo da ke Marylebone kafin ya yi ritaya. Ya fi duk wanda ya zo masa ta'aziyya karatu, kuma bai taɓa ɓoye musu haka ba. Sun dai zo. Kwana uku flat ɗin na cike da likitoci da ma'aikatan ofishin jakadanci, kowa ya ce a yi haƙuri, ya leƙa wayarsa, ya tambayi inda ake parking. Duk wanda ya tashi yabon marigayiya sai ya ce baiwar Allah, ta ƙarar da rayuwarta tana ɗinka wa ma'aikatan asibiti riguna. Baha'uddeen ya riƙa gyaɗa kai, domin shi ya ƙirƙiro asibitin nan shekara sha tara da suka wuce.

Ummukulthum tela ce a ɗakin ɗinkin wani kamfanin opera da ballet, a wani lungu bayan Charing Cross. A wurin Baha'uddeen, opera na nufin ƙartin mata suna kurma ihu da Italiyanci a kan soyayyar da mai hankali zai warware da wasiƙa ɗaya. Ballet kuwa ramammun 'yan mata ne masu tsalle a kan yatsun ƙafa, da maza cikin wandon da gara a ce babu shi. Ya karanta tarihin abin tsaf, saboda haka raininsa ya fi na jahili tushe. Ta yaya zai shiga masallaci a ce ga mijin telar 'yan rawa?

Kowane Yuli kamfanin kan kwashi kayansa zuwa kudancin Turkiyya, inda ake bikin mako uku a wani tsohon gidan wasa da Rumawa suka gina, ba rufi, kujerun dutse hawa-hawa har sama. Teloli huɗu ake tafiya da su, kuma kowace shekara sunanta ne na farko. Takan kawo masa shayi bayan la'asar, ta durƙusa yadda aka koya mata a Zariya, ta ce, "Malam, an sa sunana." Bai taɓa cewa a'a ba. Mai ilimi ba ya hana matarsa tafiya baki da baki. Yakan juya shafin littafinsa ya ce sai baɗi, in Allah ya kai mu.

Ranar sadakar bakwai Hajiya Muhibbat ta iso, matar wani likita, shugabar duk wani abin da bai riga ya sami shugaba ba. Ta zo da mata uku su raba kayan mamaciya sadaka, kamar yadda ake yi a gida. Baha'uddeen ya bar musu flat ɗin ya tafi laburare. Da ya dawo ya tarar da durowa wayam, sai ƙamshin turaren wuta.

Washegari wayarsa ta yi ƙara. Wata Baturiya ce, Misis Tolley, shugabar ɗakin ɗinkin. Ta yi masa ta'aziyya a taƙaice, abin da ya ji daɗinsa, sannan ta faɗi matsalarta. Akwai rigar sarauniyar wasan bana, jan karammiski, wadda Ummukulthum ta tafi da ita gida don ta ƙarasa aikin zaren wuya. Aikin wata uku ne, kuma a duk Landan ba mai iya wannan ɗinkin, don a hannun mahaifinta ta koya, mai aikin wuyan babbar riga. Ranar Juma'a za a rufe akwatunan tafiya.

Ya kira Hajiya Muhibbat ya tambaye ta labarin rigar. Ta ce ai rigar nan ta ba su mamaki, ashe marigayiya na da ido haka take yawo cikin tsofaffin atamfofi. Ba wadda za ta sa kayan mamaci a cikinsu, sadaka kuwa ta mabuƙata ce, shi ya sa suka ba Ajara, 'yar Ganan nan mai share ofisoshi, wadda kan dafa musu abinci in suna taro. Ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau.

Hanya mai sauƙi na nan a buɗe. Sai ya gaya wa Baturiyar bai ga riga ba, su sa wa mai ihun tasu labule ma in sun ga dama. Ya yini guda yana juya wannan shawara, yana jin daɗinta. Abin da ya hana shi bai wuce wata ɗabi'ar tsohon mai fassara ba: ya tsani a yi aiki a kasa miƙa shi.

Ranar Alhamis ake sunan jikar Ajara a wani zauren haya a West Croydon. Tun daga ƙofa ya hango rigar. Ajara ce a ciki, da ɗankwali kore da silifas, tana zuba wa mutane shinkafa da wake. Rigar da aka ɗinka wa matar da za ta yi minti ashirin tana mutuwa a gaban masu kuɗi ta zauna wa mai sharar ofis ɗas, kamar da ita aka auna. A babban tebur kuma ga Hajiya Muhibbat, an gayyato ta don a ce ta zo.

Ya matsa kusa da tukwane ya yi barka, sannan ya shiga doguwar Hausa irin ta rediyo: an sami ɗan kuskure wajen rabon kaya, akwai wani abu da iyali ke son ya dawo, za a musanya da wanda ya fi shi. Ajara ta ajiye ludayi.

"Malam, sadaka ya riga ya tafi wurin Allah," ta ce da Hausarsu ta zango. "Ladan matarka kake so ka karɓo baya?"

Ba ta rage murya ba. Matan da ke layin abinci suka juyo. Ya ce rigar ba ta marigayiya ba ce, ta wurin aikinta ce.

"Wane asibiti ne ake sa wannan?" in ji Hajiya Muhibbat daga teburinta, cikin muryar mai neman ilimi.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi shekaru yana raina wa hankali, yana kuma tsoron bakinsu.

"Babu asibiti," ya ce. "Gidan rawa da waƙar Turawa ne. Shekara sha tara tana yi musu ɗinki. Asibitin ni na gina shi da bakina."

Hajiya Muhibbat ta ce ikon Allah, a hankali, hannunta ya riga ya kai kan waya. Ya san kafin magariba labarin ya isa Kano. Ajara ta shiga banɗaki, ta fito ɗaure da zani, ta miƙa masa rigar a ninke cikin ledar kanti. Ta ce da ya faɗi tun farko, aiki ne ba sata ba, ita ma toilet take wankewa kuma ba ta taɓa ce wa kowa ita nurse ba ce. Ta ƙara da cewa akwai ɗigon mai a hannun hagu, ya yi haƙuri.

Da safiyar Juma'a ya taka ɗakin ɗinkin karo na farko a rayuwarsa. Ɗaki ne dogo mai ƙamshin guga, kekuna a jere. Misis Tolley ta baje rigar, ta ce man zai fita, ta shafa aikin wuyan ta ce an gama shi har ƙullin ƙarshe. Sannan ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce ta ji daɗin ganinsa a kan ƙafafunsa. Duk shekarun nan Ummukulthum na ce musu ba za ta iya tafiya ba saboda mijinta na fama da ciwon zuciya, ba a barinsa shi kaɗai.

Baha'uddeen, wanda rabonsa da ko mura har ya manta, ya ce da sauƙi. Ashe ita ma ta gina masa nasa asibitin.

Misis Tolley ta nuna masa teburin marigayiya. A bango an kafe hoton gidan wasan dutsen, wanda aka yanko daga takardar biki, kusurwoyinsa duk hudar allura saboda yawan cirewa da mayarwa. Ta ce ranar Talatar da ta rasu aka fitar da sunayen bana, kuma Ummukulthum ta tashi aiki da wuri, ta ce za ta je gida ta tambaya.

Ya so ya yarda cewa da ta iso da shayin, da bana ya ba ta wata amsa dabam. Amma ya san kansa, ya ma san shafin da zai juya.

Ya tsaya a bakin titi har aka loda akwatin a mota. Shi da ya ci abinci shekara talatin da kalmomi, ya ga ashe abin da ya gagare shi ba ya buƙatar karatu, kowane ɗan dako na faɗa wa matarsa a bakin tasha: je ki, a dawo lafiya.