Bunsurun Gasar Geulayang

"Duk wanda ya ci bunsurun nan, bulala zai sha!"

Teungku Hasbalah, limamin ƙauyenmu, ne ya faɗi haka yana haki, ya yar da kekensa a gonar shinkafar da aka girbe. Lokacin sama ta riga ta cika da geulayang, tsuntsayen nan na gora da takarda da muke saki da zare bayan girbi. Wanda nasa ya tsaya cak bisa kansa, shi ya ci bunsurun gasar.

"Teungku, wasan kakanni ne fa," in ji dagaci, Keuchik Ramli.

"Wasan halal ne. Wa ya sayi bunsurun?"

"'Yan gasa suka yi karo-karo."

"To, caca ce. 'Yan Hisba ma na hanya."

Nan take kowa ya shiga neman faɗuwa. Wani ya saki zare, wani ya tuna matarsa na naƙuda. Bang Leman, zakaran kowace shekara, ya karkata nasa ya maƙale a bishiyar kwakwa.

Sai jan geulayang na wani tsoho, Apa Maun, ya rage, yana ta hawa. Tun yana saurayi yake shiga gasar, bai taɓa ci ba.

"Apa, saki!" in ji Bang Leman. "Wannan bayan naka ko ƙuda ya sauka sai ka yi tari, balle bulala."

"Kai dai je ka ji da kwakwarka."

Bai saki ba. Abin ya daidaita bisa tsakar kansa, motar Hisba ta tsaya.

"Kai ka ci?" in ji shugabansu.

"Ni ne. A sanar da Leman."

"Bunsurun naka ne ke nan?"

Apa Maun ya dubi bunsurun, ya shafa bayansa. "Ni sama na ci. Wannan ban san shi ba."

Teungku ya ce in 'yan karo-karo sun yafe, aka yanka kowa ya ci, ya zama sadaka. Suka yafe da sauri. Aka ɗora babbar tukunya a harabar masallaci, har 'yan Hisba aka zuba wa.

Ana tsakar ci wani baƙo ya faka babur mai sheƙi.

"Ina mai jan geulayang? Apa, Allah ya ja kwana! A kanka na zuba kuɗi na cinye babur ɗin nan. Na kawo maka kasonka."

Shugaban Hisba ya ajiye cokali.