Bencinan Barmo

Benci goma sha biyu ne a cocin Gidan Ranau, can bayan Bunkure, kuma duk marigayi Barmo kafinta ne ya yi su da katakon maɗaci. Nauyi gare su ba na wasa ba, sai ƙarti biyu ke ɗaga ɗaya. Tun da ya rasu, matarsa Gwaggo Rahila ce ke goge su kowace Asabar, tana yi tana hira da su, don su kaɗai ya bar mata.

Sai ga zaɓen 1983. Ba zan kama sunan jam'iyya ba, kada a ce kamfen nake yi. Mu dai ce ja da kore. Dattawan cocin biyu ne, Filibus da Jatau, rana ɗaya aka yi musu baftisma. Filibus ya bi ja, Jatau ya bi kore. Da 'yan ja za su yi taro, Filibus ya ara musu benci shida, suka dawo da su sun sha jan fenti. Jatau ya ce wa ya fi wani? Ya kai sauran shida wurin nasa taron, suka dawo kore shar.

Shi ke nan fa! Ranar Lahadi kowa ya shigo sai ya duba fenti kafin ya zauna. Ja a dama, kore a hagu, ko gaisuwa ba ta tsallakawa. Mai bishara ya yi wa'azi har muryarsa ta dishe, a banza, wai an tsikari kakkausa. Ƙarshe dattawan suka yanke magana: Lahadin da ke bin zaɓen gwamna, Jatau zai zo da amalanke ya kwashe koraye shida, shi da mutanensa su koma gindin tsamiya su kafa nasu cocin.

Abin ya ci Gwaggo Rahila ƙwarai. Ta taka har gidan kowannensu, kowa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, ki bar wannan magana, ta fi ƙarfinki." Ta dawo coci ta dafa benci ɗaya, ta ce, "Ya Yesu, kai ma kafinta ne. Ka san Barmo bai yi waɗannan don a raba su ba. Ni dai dabarata ta ƙare."

Daminar shekarar kuwa ta yi gardama. Ruwan sama ya ɗauke tun farkon Agusta, shinkafar kowa, Kirista da Musulmi, da ruwan kanal, wato magudanar ban-ruwa, take numfashi.

Ranar Asabar ɗin zaɓe, gari ya watse zuwa firamare bin layi. Gwaggo tana coci da tsummanta, tana yi wa korayen gugar bankwana, sai ga Malam Hambali mai kula da ƙofar ruwa a kan keke, wandonsa jiƙe har cinya.

"Gwaggo, ina maza? Kanal ya ɓalle daidai gonakinku! Gafiya ce ta yi rami. Na rage ƙofa, amma in na rufe gaba ɗaya muka jira injiniyoyi, sai an gama zaɓe, shinkafa kuwa ba za ta jira ba. Buhun ƙasa muke jefawa, ruwa na tafiya da shi. Katako nake nema, mai nauyi."

Idonsa ya sauka a kan bencinan, ya yi maza ya kawar da kai, don ya san na ɗakin ibada ne. Gwaggo ta gani. Zuciyarta ta yi zafi kamar yau aka binne Barmo. Amma ta ajiye tsumma, ta fita gindin darbejiya inda aka rataye tsohon faifan garmar tarakta da suke bugawa lokacin sujada, ta dinga dukansa ba ƙaƙƙautawa.

Mutane suka baro layi a guje, sun zaci gobara ce. Da suka ji bayani, Filibus ya ce, "Gaskiya ne, a ɗauki korayen nan."

Jatau ya ce, "Kai wane ne? A ɗauki jajayen!"

Kai, ɗan Adam! Ruwa na cin gonarsu, su suna cin juna.

"Ku rufe mini baki!" in ji Gwaggo. "Wa ya yi su? Mijina. Ja ne ya mutu dominku, ko kore? Ran da aka tsoma ku a kogi ɗaya, da sunan wace jam'iyya aka tsoma ku? Duka goma sha biyun za su tafi."

Ba ta jira amsa ba. Ta kama gefen benci ta ja, tsohuwa mai shekara saba'in, nauyi ya kai ta ƙasa a gwiwa. Kunya ta kama Filibus, ya zabura ya karɓe. Ɗaya gefen kuwa ba wanda ya fi kusa da shi sai Jatau. Ya tsaya jim, ya sunkuya ya ɗaga. Kore ne ko ja, har yau ba wanda ya tuna. Sauran suka bi bayansu biyu-biyu, kowa da wanda hannunsa ya samu.

A bakin kanal Malam Hambali ya sa aka kafa turaku, aka jera bencinan a kwance ta gefe, wani kan wani. Shida na farko ruwa ya haye su, sai da aka ɗora sauran shida. Filibus da Jatau suka shiga ruwa har ƙirji suka tokare katako da bayansu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Musulmin unguwannin kusa suna cika buhuna, Giɗaɗo Bafulatani ya bar shanunsa ya karɓi shebur, matan zumuntar coci suna jidar ƙasa a kwanuka suna waƙa, Gwaggo ce ke bayarwa suna amsawa. Kafin azahar ta wuce, ruwan da ke kwarara cikin gonaki ya koma ɗigo, ya tsaya.

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Masu kabbara na yi, masu halleluya na yi, ba mai jin na wani. Malam Hambali ya ce bencinan sai sun zauna a nan har a zo da siminti, ƙila ma ba za su ƙara moruwa ba. Gwaggo ta leƙa, laka ta rufe su ruf. Ta share hawaye ta ce to.

Suka koma layi da taɓo har wuya, sai da malamin zaɓe ya sa kowa ya wanke ɗan yatsa kafin ya dangwala. Kada ku ce wani ya sauya ra'ayi. Filibus ja ya jefa wa, Jatau kore, kuma tare suka tako zuwa gida suna gardamar wanda zai ci.

Washegari da safe Gwaggo tana share cocin da ya zama fili fetal, sai ta ji ƙarar amalanke. Ta fito, ga Jatau yana ja, Filibus yana turawa, amalanken cike da tabarmi. Rabi na gidajensu, rabi Malam Hambali ya aiko. Jama'a suna biye, suka cika ƙofa, suka tsaya cirko-cirko, ido na neman fenti bai samu ba.

Filibus ya sosa ƙeya ya ce, "Gwaggo, yanzu ina kowa zai zauna?"

Dariya ta ƙwace mata, ga hawaye na zuba. Ta warware tabarma ɗaya a tsakiyar ɗaki, daidai wurin da wata biyu ba wanda ya taka.

"A ƙasa, 'ya'yana," ta ce. "Ita ba wanda ya shafa mata fenti. Ku matso, a fara waƙa."