Abin da Dakta Ke Yi Idan Ta Rufe Ido

Salmatu na hango Kawu Rabe a kan babur, ta san akwai magana. Watanta biyu tana yi wa Dakta Nimali tafinta, wata likitar yara 'yar ƙasar Siri Lanka, yau kuma za su tsallaka zuwa Maraɗi. Suna bakin shingen Jibiya ana duba takardunsu.

Kawu ke riƙonta tun rasuwar babanta. Direban Dakta ne ya kai masa labari wai likitar ba salla ba coci, kullum da safe sai ta tanƙwashe ƙafa ta rufe ido, shiru. Wani malami ya ƙara masa da cewa addinai kashi biyu ne, masu bautar Ubangiji da masu bautar kansu. Shi ya sa ya zo don ya tafi da Salmatu gida, aiki ya ƙare.

Amma ya ce sai ya ji daga bakin matar. "Tambaye ta, in ta rufe idon nan, mi take roƙa wa kanta?"

Salmatu ta fassara. Dakta ta ce ba ta roƙon komai. Ƙoƙari take ta rage girman kanta a idon kanta, don daga nan haɗama da fushi ke fitowa. Sannan takan kawo mutane cikin ranta ɗaya bayan ɗaya tana yi musu fatan lafiya: yaran asibiti, Salmatu, har wanda ya ɓata mata rai.

Shekara talatin Kawu yana wuridi, abin da shehinsa ke nanata masa ke nan, yaƙi da son zuciya.

"Ke, ba ƙara mata gishiri kike ba?"

Salmatu ta rantse. Ita kuwa sai ta tuno addu'arta ta asuba: cin jarrabawa, sabuwar waya, kada aikin nan ya suɓuce mata. Ko sunan Kawu bai fito ba.

Ya daɗe yana jan carbi, manyan motocin hatsi na ta yi masu oda.

"Ce mata Wanda ya halicci zuciyar yana nan, ta neme Shi," in ji shi. "Ke kuma ɗiyata, kada in ji salla ta wuce ki a hanya."

Sau uku ya buga babur kafin ya tashi. Aka ɗaga shinge. Direban da ya kai labarin ya ja mota, Salmatu na gefen Dakta, suka nufi Ɗan Isa.